Kwaɗon Baba

Litinin, 3 ga wata, takwas da rabi na safe

Wannan littafin na rubuta aikin mutane ne, amma tunda ba mai buɗe shi sai ni, zan rubuta nawa a bayansa.

Jiya da yamma Auta ta zo shago da kaset ɗin bidiyo a naɗe cikin mayafinta. Ta je gida ɗauko wa Baba kayan sawa ne ta same shi ƙarƙashin katifarsa. A jikinsa an rubuta "Ranar buɗe shago", da rubutun nan na Baba mai kama da tafiyar tsutsa. Marigayiya Umma tana cikin kaset ɗin. Iyakar saninmu shi kaɗai ya rage wanda Umma take motsi a cikinsa har da muryarta, don sauran duk ruwa ya cinye su shekarar da rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo. Auta ta ce in mayar da shi cikin waya a kai wa Baba asibiti ya gani. Ɗakin da aka kwantar da shi ba a yarda a shiga da talabijin, ko wurin ajiye ta ma babu.

Wai kwana nawa zai ɗauka. Na yi dariya. Shekara goma sha ɗaya ina mayar da kaset cikin kwamfuta, duk layin nan in aiki ya gagara ni ake kawo wa, ita kuma ƙanwar bayana tana min maganar kwana. Na ce ta dawo bayan azahar.

Ta tambaya yaushe zan shiga in gaishe shi. Na ce idan na gama.

Litinin, sha biyu da kwata

Zaren kaset ɗin ya ɗan yi fumfuna. Na buɗe na goge shi a hankali, na goge kan injin bidiyon da ke karanta zare, na saka. A talabijin ras, kamar jiya aka ɗauka. Ga Umma da tsintsiya a ƙofar wannan shagon, ta ɗago tana hararar kyamara, ta ce, "Malam, ka ajiye abin nan ka zo ka ɗaga min benci." Na kashe na fita waje. Ba wani abu ba ne, ƙura ce ta shigar min ido.

Na dawo na haɗa bidiyon da katin ɗauka, wato ɗan abin da ke karɓar hoto ya shigar da shi kwamfuta. Daƙiƙa biyar lafiya lau. Sai hoton ya fara haske har fuskar Umma ta yi fari fat, sai ya nutse cikin duhu, sai ya sake tasowa. Daga nan allo ya yi baƙi, rubutun nan da na tsana ya fito, wai wannan kaset a kulle yake, ba a yarda a kwafa ba.

Kwaɗo. Har matarsa ya kulle.

Ga wanda zai karanta wannan bayan raina. Zamanin da Baba ke ɗaukar taron mutane a bidiyo, abokan sana'a sun ishe shi da satar aiki, su kwafi kaset ɗinsa su manna sunansu. Kamfanonin fina-finai suna da nasu kullen. Shi kuwa ya zauna da tarkacen tsofaffin talabijin ya ƙera nasa, akwatin ƙarfe da bai fi girman burodi ba, ya sa masa suna Kwaɗo. Duk kaset ɗin da ya bi ta cikinsa zai nuna lafiya a talabijin, amma ka ce za ka kwafa, sai hoto ya kama tsalle tsakanin haske da duhu. Da ya saba, komai ta cikinsa yake bi da shi, na baƙo da na gida.

Akwatin yana ɗakin ajiya, kanta ta sama, bayan kwalin wayoyi, inda na jefa shi wata bakwai da suka wuce. Can zai zauna. Da hannuna zan karya wannan kullen.

Talata, 4 ga wata, uku na rana

Na gaya wa Auta aikin na son natsuwa, kada ta riƙa min sintiri.

Kati uku gare ni, na gwada duka ukun. Biyu sun rufe allo, na ukun mai arha ya bari ya wuce amma hoton na ta numfashi kamar mai ciwon asma. Na jawo tsohuwar kwamfutar da nake ɗora ƙafa a kanta, na kakkaɓe ta, ta tashi da kyar, ita ma haka. Na bi ta injin ɗaukar faifai, ya yi min ƙara sau biyu ya tofo faifan.

Tela na shagon gefe ya leƙo da tef a wuya. Shekara talatin suna maƙwabtaka da Baba, shi ya sa yake shigo min ba sallama. Ya ce, Injiniya, yau kuma wa ya taɓa ki, tun safe yana jin ina zagin kwamfuta har ta bango. Baba ne ya laƙa min sunan tun ban san harafi ba, yanzu ko sunana na yanka ba kowa ya sani ba. Tela ya ce zai je asibiti bayan la'asar, ko ina da saƙo. Na ce ya gaishe su.

Ya tsaya yana kallona ta saman gilashi. Na ce masa wandon mutane na jiransa.

Laraba, 5 ga wata, biyar na yamma

Bai yi ba.

Alhamis, 6 ga wata, huɗu na yamma

Auta ta faɗo shago, sallama ma rabi ta yi. Baba ya yi magana. Kwana goma sha biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, bakinsa bai buɗe ba sai jiya. Kalma ɗaya ce: "Juya." Ita da nas suka juya shi ɓangaren dama, ya sake cewa juya, suka mayar da shi hagu. Nas ta ce alama ce mai kyau, mara lafiyar da ya san jikinsa ya gaji da kwanciya gefe ɗaya ya fara dawowa ke nan.

Na ce alhamdulillahi. Na ci gaba da warware waya.

Sai ta ce, "Yaya, me zai hana ki kunna a talabijin in sa wayata in ɗauka? Minti goma mun gama."

Na kalle ta sama da ƙasa. Hoto mai baƙin zane yana gudu daga sama zuwa ƙasa, hasken taga a kan allo, muryar Umma haɗe da ƙarar keken ɗinkin Tela. Wannan zan aika masa? Mutumin da in ya je gidan mutane ya ga launin talabijin ya karkace sai ya nemi izini ya gyara kafin ya zauna? A ce daga shagona abin ya fito? Na ce mata aikin 'yan koyo ne, in shi take so ta tafi tsallaken titi. Ta ce ni dai ba a iya min. Na ce gado na yi.

Asabar, 8 ga wata, shida saura

Na dafa shayi irin wanda yake so, mai kauri ba sukari, na zuba a flas na tafi. Na kai har bakin ginin asibitin. Hawa na biyu, taga ta huɗu daga hagu, na ga tawul ɗinmu mai ruwan ganye a shanye. Da na duba agogo sai na ga saura minti ashirin a rufe ziyara, wannan kuwa ba zai ishi mutum ko gaisuwa ba. Na ba mai gadi flas ɗin ya miƙa wa Auta.

Da na dawo ne na tuna ta ce ba ya iya haɗiye komai sai ta roba.

Litinin, 10 ga wata, sha ɗaya na safe

Malama mai kaset uku ta dawo. Tsohuwar malamar makaranta ce, mijinta ya rasu, kuma yana cikin kaset ɗin duka uku, duk Baba ne ya ɗauka. Wata bakwai da suka wuce ta fara kawo su. Yau ta ce ko an sami wata dabara. Na gaya mata abin da na gaya mata wancan karon, cewa sun lalace.

Ta ɗaure su cikin leda, ta tambayi jikin Baba. Ta ce ita har yau ba ta jin daɗin abin da ya faru ranar nan a gabanta, gani take kamar ita ta jawo. Na ce mata ana jirana a ciki.

Ba wanda ke jirana a ciki.

Talata, 11 ga wata, biyu na rana

Yau na tsallaka titi, abin da na rantse ba zan yi ba. Dogo shekara shida ya yi a hannun Baba kafin ya buɗe nasa shagon, mai allon suna biyu da fitila mai walƙiya, gyara kuwa sai a hankali. Amma yana da na'urar daidaita hoto, irin wadda ke share kullen kamfani. Na ce aro nake so na kwana biyu. Ya yi ta murmushi har kunne, ya ce ashe akwai ranar da Injiniya za ta tako ƙafa. Na ce ranar ta zo, ya rubuta a bango.

Na fara gwada ta da wani tsohon fim na kamfani da na san a kulle yake. Tsaf ya wuce. Na saka na Baba. Haske, duhu, haske, duhu.

Na zauna na bi siginar layi layi. A saman kowane hoto akwai wasu layuka da talabijin ba ta nunawa, kamar kalmasar riga da ke ciki. A nan ake ɓoye kulle. Kamfanoni suna sa nasu a layukan da kowa ya sani, su na'urar Dogo take sharewa. Baba bai sa nasa a can ba. Ya sa shi a wasu layukan daban, kuma ba ya zama wuri ɗaya, in ka tare shi nan ya koma can. Mutumin da aji huɗu ya yi a makaranta. Da ƙarfen narka dalma da tarkacen bola, a kan wannan bencin, ya ƙera abin da bayan shekara talatin ya kayar da kati uku da kwamfuta biyu da na'urar da aka yo odarta daga ƙetare.

Na kama dariya ni kaɗai har Tela ya buga bango. Ubana ne fa. Wallahi ubana ne.

Alhamis, 13 ga wata, tara na safe

Na mayar wa Dogo kayansa. Ban ce ta yi ba, ban ce ba ta yi ba, amma da ya ga fuskata ya ce Kwaɗo ne ko. Ya daina murmushi. Ya ce shekara shida yana share shagon nan, ko ƙurar akwatin Oga bai taɓa barinsa ya goge ba.

"Ke kaɗai ya ce zai nuna wa. Bai nuna miki ba?"

Na ce masa fitilar allonsa ɗaya ta mutu, ya gyara.

Auta ta bugo. Har yanzu juya, juya. Sun gaji da juya shi, nas ɗin safe har ta fara ƙorafin bayanta.

Juma'a, 14 ga wata, sha ɗaya da rabi

Ba kowa a layi, duk an tafi masallaci. Bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ranar da Malama ta fara kawo kaset ɗinta, ita ce ta biyar a wata guda da na mayar hannu banza saboda Kwaɗo. Baba yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa, inda yake zama tun da ya bar min shagon. Raina ya ɓaci. A gabanta, a gaban Tela, a gaban mai kawo ruwa, na ce mugunta ce ta sa shi ƙera abin nan, ya kulle wa mutane matattunsu saboda rowa. Bai yi fushi ba. Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya nufi inda akwatin yake, ya ce, "Injiniya, zo in nuna miki."

Na ce babu abin da zai nuna min. Na ce zamaninsa ya wuce. Na riga shi ɗaukar akwatin na wurga ɗakin ajiya.

Ya ciro makullin shago daga aljihu ya ajiye kan benci, ya sa takalmi ya tafi. Kujerar tana nan. Ban cire ta ba, ban kuma bar kowa ya zauna ba.

Ni dai na san ina da gaskiya a kan mutane biyar ɗin nan. Wannan ba wanda zai ƙwace min.

Asabar, 15 ga wata, biyar da rabi

Na je. Tawul ɗin na nan. Na dawo.

Lahadi, 16 ga wata, uku na rana

Sau ashirin da uku na kunna farkon kaset ɗin nan. Ina lissafi, don na san kowace kunnawa tana cin zare, shi ya sa ban taɓa barinsa ya wuce minti biyu ba. Ni ce nake yi wa mutane wa'azi a kan haka.

A na ashirin da huɗu na ji ƙaras ƙaras. Na cire wuta, amma ya riga ya tauna. Na buɗe bidiyon na zaro zaren da tsinke, ya yamutse kamar ganyen da aka taka. Dole na yanke wajen taƙi ɗaya na haɗa bakin. Haɗin ya yi kyau, ko da gilashi ba za ka gane wurin ba, wannan kam hannuna ne.

Daƙiƙa tara suka tafi. Umma ta ɗago da tsintsiya, sai kawai ka gan ta a ciki tana goge kantar kaya. Maganar benci ta tafi. Auta ba ta taɓa jin ta ba, tana zanin goyo aka ɗauka. Yanzu ba inda take sai cikin kaina da shafi na biyu na wannan littafin.

Ni na yi wannan, ba Kwaɗo ba.

Litinin, 17 ga wata, goma na safe

Auta ta zo ba ta zauna ba. Likita ya ce duk wanda ke da niyyar zuwa ya zo. Ta faɗa min tana kallon kwamfuta, ba ni ba. Na fara mata bayanin layuka, ta ɗaga min hannu, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Yaya, ba kaset kike gyarawa ba. Ɓuya kike yi."

Na ce ta rufe taga, ta je ta roƙi Tela ya tsayar da kekensa na minti biyar. Na kunna a talabijin, ta riƙe waya. Minti biyu muka ɗauka, na ce ya isa, zaren ba zai jure ba. Na duba abin da ya fito. Baƙin zane na gudu a kan fuskar Umma, inuwar Auta a gefe. Na ce kada ta ce daga wurina ne. Ta ce to daga wurin wa za ta ce.

Talata, 18 ga wata, tara da kwata na safe

Ta dawo idonta a kumbure. Ta nuna masa. Ya kalla kamar daƙiƙa goma, sai ya sa hannunsa mai lafiya ya ture wayar har ta faɗi ƙasa. Ya kama juya, juya, da ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba. Suka juya shi ya fuskanci bango, ya ƙi, suka dawo da shi, ya ƙi. Ta ce ita a ganinta ba ya son ganin Umma ne, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

A raina na ce ba Umma ya ture ba, zanen nan ya ture. Na faɗa mata tun farko. Ko a wannan halin sai da na ji daɗin na fi ta saninsa, Allah ya yafe min.

Sai ta ce har da hannu yake yi yanzu. Ta kwatanta min. Ta miƙe tafin hannunta yana kallon ƙasa, kamar ta dafa wani abu, sai ta kifar da shi ya kalli sama.

Na ce ta sake. Ta sake. Na tambaye ta ranar da ya fara faɗin kalmar, me ake yi a ɗakin. Ta ce ba komai, tana goge masa fuska ne tana masa hira, ta ce masa Yaya na can tana fama da kaset ɗin Umma, ya ƙi shiga kwamfuta.

Kwana goma sha uku suna juya bawan Allah a kan gado.

Talata, sha ɗaya na safe

Na taka kujerarsa na sauko da akwatin. Gefe ɗaya ya lotse inda ya bugi bango. Na ɗora shi kan benci, na goge ƙurar da gefen mayafina, na juya shi.

A ƙarƙashinsa, tsakanin ƙafafun roba huɗu, akwai ɗan makunni da bai fi ƙwayar wake ba, an rufe shi da salatif da ya yi ja don tsufa. Gefe ɗaya an rubuta K, ɗaya gefen B. Kulle, buɗe. Ba rubutun Baba ba ne. Manyan haruffa ne karkatattu na yaro, kuma B ɗin a juye take, cikinta na kallon hagu. Har na shiga aji biyu haka nake rubuta B, Umma ta yi fama da ni a kai.

Ban tuna ranar ba. Ko kaɗan ban tuna ba.

Na tura makunnin zuwa B. Waya daga bidiyo zuwa Kwaɗo, daga Kwaɗo zuwa katin da ya fi kowanne tsaurin kai. Na danna. Daƙiƙa biyar. Goma. Minti ɗaya. Hoto ya tsaya cak. Auta ta riƙe min kafaɗa har ta ji min ciwo.

Minti hamsin da biyu ne, na bar shi ya tafi har ƙarshe. A minti na sha tara Umma ta karɓi kyamarar, hoto ya karkace. Ga Baba, gashi baƙi wuluk, yana jera talabijin a kantar kaya. Ga wata 'yar yarinya a ƙarƙashin benci da alƙalami mai kauri, ta kife akwatin ƙarfe a cinyarta, harshe a waje. Muryar Umma ta ce yarinyar nan za ta ɓata maka kaya. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Bar ta, nata ne."

Ban fita shan iska ba. A nan na yi kukana, Tela na ji ta bango, bai buga ba.

Laraba, 19 ga wata, biyu na rana

Na shiga. Tun kafin a buɗe ziyara ina tsaye bakin ƙofa, waya a hannu, Kwaɗo a cikin jaka. Mai gadi ya miƙo hannu zai karɓi saƙo kamar yadda ya saba, na ce yau da ƙafata.

Ya ƙanƙance. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Na durƙusa na ce, Baba, ina kwana. Idonsa ɗaya ya biyo ni. Na jingina wayar jikin kofi a kan teburin gado na kunna. Auta tana jira ya kalli Umma, amma ni na san inda zai fara kallo. Saman hoton ya kafa wa ido, daidai inda hasken ke fara tashi. Leɓensa na motsi, ƙirga yake yi. Ya ƙirga har ya wuce inda ya kamata Kwaɗo ya yi tsalle, ya ƙara wani ƙirgen don ya tabbatar. Sannan ya dubo ni.

Na ciro akwatin na ɗora a gefensa, ƙasansa a sama.

"Na juya, Baba. Ka yafe min."

Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kai, ya lalubi makunnin da babban yatsa, ya ji yana B. Sai ya zame hannun ya ɗora a kan nawa. Daga nan ne ya koma ga Umma, ya kalle ta har ƙarshe, minti hamsin da biyu, bai ɗauke ido ba. Da aka zo wurin da na yanke ya ɗan yamutsa fuska. Ya gane. Duk duniya shi kaɗai ne zai gane haɗin nan, kuma na ji daɗin da ya gane.

Nas ta shigo tana naɗe hannun riga, ta ce Baba, a juya ka? Ya rufe ido ya girgiza kai.

Alhamis, 20 ga wata, azahar

Sau biyu muka kalla yau. Ni nake riƙe wayar.

Asabar, 22 ga wata, goma na safe

Ya yi barci tun kafin Umma ta karɓi kyamara. Na bar bidiyon yana tafiya, don muryar.

Lahadi, 23 ga wata

Ban buɗe shago ba.

Litinin, 31 ga wata, huɗu na yamma

Yau na buɗe. Tela ya riga ni, ya share min ƙofa, ya goge kujerar ya mayar da ita inda take. 

Na binciko lambobin mutane biyar ɗin nan a gaban wannan littafin, na kira su ɗaya bayan ɗaya. Malama ce ta fara zuwa, da ledarta. Na zaunar da ita gaban kwamfuta na saka na farko. Mijinta ya fito yana gyara hula yana dariya, hoto tsaf ba ko ƙyaftawa. Ta toshe baki da mayafi. Da ta sami kanta ta ce ai na ce mata sun lalace, yaya aka yi na gyara.

Na ce ban gyara komai ba, ba su taɓa lalacewa ba. A kulle suke, kuma a gabanta mai kwaɗon ya miƙe zai ba ni mabuɗi na ƙi karɓa. Na nuna mata akwatin. Na ce babana ne ya ƙera shi a kan wannan bencin, kuma har yau ba a yi na'urar da ta iya karya shi ba, na gwada da kaina, mako biyu cur.

Ta ce Allah ya jiƙansa. Na ce amin.

Na share wa Kwaɗo wuri a tsakiyar benci, inda duk wanda ya shigo zai gan shi. Auta ta ce in daidaita shi ya tsaya kan ƙafafunsa, haka bai yi kyau ba. Na ce ta bar shi. A juye zai zauna.